Shuɗin ƙyallen Ba Gana

Mun tashi daga Damagaram ranar Lahadi ana idar da sallar asuba, ko shayi ban tsaya sha ba. Tun da na dawo kuke damuna a fada, wurin shayinmu, in ba ku labarin Diffa, wasunku har suna cewa na je na ci kifi na yi ƙiba na manta da mutane. To ga labarin, amma kada wanda ya sa ran zai ji daɗinsa.

Ga waɗanda ba su san abin da ya kai ni ba: wani furoje ne, wato shirin raya ƙasa, ya samu damar buɗe gidan koyon sana'a guda ɗaya a jihar Diffa. Sana'a ɗaya tak za a koyar a ciki, kuma rahoton da za mu kawo shi zai faɗi wace ce. Ni an ɗauke ni aikin mako ɗaya, in riƙa yi wa mutane tambayoyi ina cikewa a takarda. Kun san shekarun da difulom ɗina ya kwashe a ƙarƙashin katifa, don haka da aka kira ni ban tambayi komai ba sai ƙarfe nawa za a tashi.

Mu uku ne cikin kat-kat ɗin furoje, irin motar nan mai ratsa rairayi. Akwai direba, dattijo marar yawan magana da ya daɗe yana bin hanyar gabas har ya iya Barbarci. Akwai shef ɗinmu, wato shugaban tafiyar, saurayi ne ɗan Yamai da bai fi ni shekaru ba, yana rungume da ordinatar ɗinsa, wato kwamfuta, a cinya kamar mai jego. Sai ni a baya, ni da kwalin takardun tambayoyi da jarkar ruwa da ke zubo mini a ƙafa duk inda aka faɗa rami.

Tun kafin mu kai Mirya shef ya buɗe ordinatar ya juyo ya nuna mini aikin da yake alfahari da shi. Wata da watanni ya yi yana bin intanet, duk inda aka sa sanarwar neman ma'aikaci aka ambaci Diffa sai ya kwafe ya adana. Na'urar ta tara su ta jera su ginshiƙi ginshiƙi masu launi. Ginshiƙin da ya fi tsawo na sakatare ne mai iya ordinatar, sai na mai riƙe lissafi, sai na direba, sai na masu wayar da kan jama'a. Ya ce kullum ana neman waɗannan a Diffa ana rasawa sai an kawo daga Yamai, ke nan abin da Diffa ta rasa ke nan. Aikina shi ne in ji ta bakin mutane don a tabbatar. Ya kafa mini doka ɗaya: abin da mutum ya faɗa da bakinsa shi kaɗai zan rubuta, kada in sa ra'ayina. Gaskiya abin ya burge ni. Na ce a raina yau na haɗu da aikin ilimi.

A Gidimuni muka sayi dabino da rake. A Gure muka karya da shayi da burodi, mai shayin yana ta ba mu haƙuri wai madara ta yi tsada, alhali ruwan zafi ne ya fi yawa a kofin. Daga Gure kuwa hanya ta nuna mana halinta. Kwaltar ta farfashe ta zama ramuka, har direba ya gaji ya sauka gefe ya bi rairayi, ya ce nan ya fi mutunci. Damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, ciyawa ta fara ja a kan tuddai, kuma jefi-jefi sai ƙasa ta buɗe ka hango kwari can ƙasa cike da goruba da dabino, shar da shi, kafin ka gama kallo tudu ya rufe. A Gudumariya buhunan kanwa ne jibge bakin hanya, mata Fulani suna miƙo cuku ta taga. A Maine na tambayi kuɗin ƙosai, mai tuyar ta faɗa mini da naira. Na miƙa mata sefa, ta juya shi gaba da baya, ta kira maƙwabciyarta su yi shawara. Daga nan na san mun shigo wata ƙasa a cikin ƙasarmu. Mun shiga Diffa bayan la'asar, ƙugu ya riƙe, aka sauke mu a gidan baƙi na furoje.

Litinin ta tafi a gaishe-gaishen biro. Duk ofishin da muka shiga sai an ce lalle kam ana buƙatar masu iya ordinatar, shef yana murmushi yana kallona. Da yamma na raka shi sibar ɗin garin, inda ake shiga intanet, ɗaki ne mai na'ura kaɗan da fanka ɗaya, inda shafi guda ke ɗaukar lokacin da za a dafa shayi zagaye biyu kafin ya buɗe. Ya samu sabbin sanarwa biyu, ɗaya ta wata ƙungiyar agaji, ɗaya ta masu zancen man fetur da ake cewa an gano can arewa. Yana cikin kwafewa aka ɗauke wuta, duk ɗakin aka yi tsaki tare.

Talata ranar kasuwar Diffa ce, kuma ban taɓa ganin tattasai irin na ranar ba, ga shi ma wai ragowar na bara ne, sabo bai nuna ba. Buhuna ne tsibi-tsibi har sun fi mutum tsawo, iska ta ɗauki yaji, kowa na atishawa yana ciniki. Ga bandar kifi daga tafki cikin kwalaye, ga fetur cikin kwalabe daga ƙetaren kogi, ga manyan motoci suna jiran lodi. Na ga wani ɗan kasuwa ya ɗauki masu ɗinkin buhu shida a tsaye, da baki kawai: ya kira ɗaya, ɗayan ya kira sauran. Ba takarda, ba sanarwa. Na tsaya na kalla, na ce abin sha'awa, na wuce.

A layin masu kayan ƙarfe na ci karo da wani Alhaji mutumin Damagaram, ɗan unguwarmu ta Birni, wanda ya yi shekaru da shago a nan. Da ya ji ɗan wane ne ni sai ya sa aka kawo mini lemo, ya tambayi abin da ya kawo ni. Na yi masa bayani da Faransanci rabi da Hausa rabi don ya san ba wasa ba.

Ya nuna mini kantar da ke bayansa. «Ɗana, ka ga waɗannan? Kayan motopom ne, na injin ban ruwa. Daga Maiduguri nake kawo su. Kaya ba su yanke ba, mai ɗaura su ne babu.»

Na ce to Alhaji, Allah ya kyauta. Ban rubuta ba, don shi ba ya cikin jerin waɗanda aka ce in tambaya. Manoma aka ce, da shugabannin gari. Na shanye lemonsa na yi godiya.

Laraba da Alhamis muka shiga kwarin Komadugu. Kogin ya cika ya batse, ruwansa ja-ja, yana lanƙwasa tsakanin itatuwa, Najeriya ga ta can a ɗaya gaɓar kana jin carar zakarunsu. Na ga mutum ya ɗaure manyan goruna biyu da sanda, ya ɗora buhu a kai, ya shiga ruwa yana turawa har ya ƙetare. A wannan gefen kuwa gonakin tattasai ne iya ganinka, fangali bayan fangali, sun fara fure. Ruwan sama ya ƙare, yanzu rayuwarsu tana hannun inji. Ko'ina ka juya ƙarar injuna kake ji, kowane an girke shi bakin gaɓa da tiyo ɗaya cikin kogi ɗaya cikin gona.

Mutanen nan sun iya karɓar baƙo har ka ji kunya. Duk garin da muka shiga sai an shimfiɗa tabarma a ƙofar bulama, wato mai gari, an kawo ruwa, dattawa sun zauna sun kewaye mu. Gaisuwa kuwa sai ka yi tsammanin ba za ta ƙare ba, suna tafa hannu a hankali suna «wushe, wushe», ana tambayar gida da gajiya da zafi, amsar duka ɗaya ce, «kalewa», wato lafiya lau. Bayan nan sai in fito da takarda in kira mutum ɗaya, a nan cikin taro, in karanta masa babbar tambayar: shin akwai wani aiki da kuke buƙata wanda kuka rasa mai yi muku a garinku? Akwati biyu ne a gabanta, na e da na a'a. In mutum ya ce e, akwai shafi uku na ƙarin tambayoyi. In ya ce a'a, sai a tsallake zuwa sa hannu.

Kowa a'a ya ce. Wani zai dubi bulama, ya dubi ƙasa, ya ce alhamdulillahi, komai akwai. Ni kuma in ja alama in kira na gaba. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na riƙa ji, don aikin da aka ce zai ci kwana uku na ga zan gama shi a biyu. Har na yi wa shef barkwanci cewa mutanen Diffa sun fi na Faransa wadata.

A Gagamari na haɗu da Ba Gana, su can Ba suke ce wa dattijo, kamar mu ce Baba. Dogo ne siriri, ya manyanta, da shuɗin rawani da ya koɗe, gefensa ɗaya a yage. Shi bai yarda a gama a ƙofar bulama ba, ya ce sai mun je gonarsa mun ci abinci. Muka bi shi har bakin kogi. Matarsa ta kawo burabusko da miyar kuɓewa da kifi, abincin da tun da na zo duniya ban ci irinsa ba, na ci har na saki maɓallin wando. Ina ci ina kallon gonar. Gonakin maƙwabtansa shar suke, tasa ganyen ya langaɓe. Na ga tiyo biyu yashe a bakin gaɓa, tsakaninsu ƙasa ta yi baƙi da mai, ba inji a wurin. Na ga ƴaƴansa mata biyu da surukarsa suna hawa da sauka da bokiti daga kogi zuwa fangali, gonar da ko mutum ashirin ba za su shayar da ita da bokiti ba. Duk na gani da idona.

Da na wanke hannu na fito da takarda. Maƙwabtansa uku suna zaune, da surukinsa. Na karanta masa tambayar, direba ya maimaita da Barbarci.

Ya gyara zama, ya amsa da Hausarsa mai nauyi, yana ce mini mushe, wato malam da Faransanci. «Mushe, kalewa. Garinmu komai akwai. Mun gode Allah.»

Na ja alama a akwatin a'a. Ya dangwala yatsa, muka yi sallama, har mota ya raka mu.

A hanyar komawa gari shef ya yi barci. Sai direba ya dube ni ta madubi.

«Mushe, in baƙo ya zo gidanku, ya ci tuwonku, ya tambayi mahaifinka gaban surukinsa ko akwai abin da ya gagare shi, me tsohon zai ce?»

Na ce ai doka ce, abin da mutum ya faɗa shi ake rubutawa.

«To. Gobe in shef ya tafi sibar, ka shirya in kai ka wani wuri.»

Ranar Juma'a da hantsi ya kai ni Shetimari. Bai tsaya ƙofar bulama ba, ya ratsa ta bayan kasuwa har wani gida mai dangar kara da babban itacen bedi, wato darbejiya, a ƙofarsa. A ƙarƙashin bedin injunan ban ruwa ne jere a layi, tun daga gindin itacen har sun fita inuwa sun shiga rana. Ban ƙirga ba, amma layin ya fi motarmu tsawo sau uku. Kowane inji an ɗaure masa ƙyalle a hannu: wani ja, wani fari, wani yankin atamfa, wani bakin zani. Masu injunan suna zaune gefe a kan tabarma, wasu da buta da ƙunshin abinci, alamar ba yau suka zo ba.

Direba ya yi mini bayani ƙasa-ƙasa. Nan gidan Ba Kiyari ne, shi kaɗai ya rage mai gyaran inji na gaske daga nan har kusa da Maine. In injin mutum ya lalace ba ya zuwa ya ce na shiga uku. Zai ɗoro shi a amalanke ya ajiye a ƙarshen layi, ya yagi ƙyalle daga tufarsa ya ɗaura, ya gaishe da mai gida, su yi hirar kogi da ta kasuwa, ya koma gefe. Ba wanda zai ambaci inji. Ƙyallen shi ke cewa wannan nawa ne, ya lalace, ina jiran a zo kaina. Tattasai kuwa in yana fure ya yi kwanaki kaɗan ba ruwa, furen zubewa yake, aikin shekara ya tafi.

Na bi layin da ido, sai ga shuɗin ƙyalle mai koɗewa, can baya, cikin rana. Ban buƙaci a gaya mini na wane ne ba, don jiya na ga rawanin da aka yage shi.

Ba Kiyari yana zaune a kan buhu, inji a tsakanin ƙafafunsa. Tsoho ne gajere, hannayensa baƙi ƙirin da mai. Da muka yi sallama ya ɗago, na ga idanunsa sun yi fari, yana ta rufe su. Ya sa aka ja igiyar wani inji, ya karkata kai ya saurara, injin ya yi tari sau biyu ya mutu, ya ce buji, wato fulogi, lafiyarsa lau, a duba iska. Da kunne yake gane ciwon, da yatsu yake kwancewa. Direba ya ce har mai inji yakan gane daga ƙarar injinsa. Amma aikin da a da yake yi kafin azahar, yanzu yini yake ci, layi kuma kullum ƙaruwa yake.

Ina zaune abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru. Yana kwance karburato, wata ƴar allurar ƙarfe ta suɓuce masa ta faɗa rairayi. Ya fara lalube da tafin hannu, yana shafa ƙasa a hankali, dama da hagu. Ga ta nan tana walƙiya kusa da ɗan yatsan ƙafarsa, ni na gan ta, kowa ya gan ta. Na buɗe baki zan ce ga ta nan, direba ya danne mini gwiwa. Mutanen suka ci gaba da hirarsu ta farashin fetur kamar ba abin da ke faruwa. Sai wani manomi ya miƙe kamar zai gyara tabarma, yana magana yana kallon wani wajen, ya sa bakin sandarsa ya turo allurar har ƙarƙashin hannun tsohon. Ba Kiyari ya ɗauka ya hure ta ya ci gaba da aiki. Ba wanda ya ce ya ga komai. A nan na gane takardun da na cika kwana biyu, na ji kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa.

Da ya tsaya shan ruwa na matsa kusa, na tambaye shi ko ba shi da masu koyo. Ya ce ya yi uku. Ɗaya ya sayi babur yana kabu-kabu a Diffa, biyu sun ƙetare kogi neman kuɗi.

«Iyaye yanzu takarda suke so, mushe. Ni ba ni da takardar ba kowa. Wanda ya zauna wurina shekara uku, hannu kawai zai fita da shi.»

Na ce in da za a buɗe gidan koyo a kawo samari da kayan aiki, a ba su takarda in sun gama, zai koyar?

Ya juya kile, wato sifanar kwance noti, a hannunsa. «In an kawo su da wuri.» Bai ƙara ba, ban kuma tambayi me yake nufi da wuri ba, don idanunsa suna gabana.

Duk da haka na fito da takarda, don in samu abin nunawa. Na karanta masa babbar tambayar, gaban mutanen da ke jiransa. Kun san amsar. Kalewa, komai akwai. Wannan karon ban ja alama ba. A ƙasan shafin ƙarshe akwai ɗan layi da aka rubuta «sauransu», wanda bai kai tsawon yatsa ba. Na matse rubutu na sa: gyaran injin ban ruwa, da gaggawa.

Da la'asar na tarar da shef a gidan baƙi yana ta buga rahoto. Na zayyana masa komai, layin injuna, ƙyallaye, allura, gonar Ba Gana. Na ce ginshiƙansa na masu biro ne kawai, wato masu zaman ofis, don masu biro ne kaɗai ke sa sanarwa a intanet, mutanen kwari kuwa sanarwarsu tana ɗaure a hannun inji. Ina so in gaya muku cewa mugu ne, da labarin ya fi sauƙi, amma ba mugu ba ne. Ya saurare ni har ƙarshe, ya cire tabarau ya murza ido. Sannan ya jawo kwalin takardun ya ajiye a gabana.

«Na yarda da kai. Amma masu ba da kuɗin hujja biyu suke so su dace, ta intanet da ta bakin mutane. Ga ta intanet. Ga ta bakin mutane, duka a'a, kuma rubutun wa ke jiki?»

Nawa ne. Kowace alama ni na ja ta da hannuna, wasu ma ina raha.

Na ce mu koma mu sake tambaya, mutum ɗaya ɗaya, a keɓe, ko mu ɗauki hoton layin. Ya ce takardar izinin tafiyarmu gobe take ƙarewa, man da aka ba mu na komawa ne, rahoto kuma ana jiransa Yamai ranar Litinin. Ya ce zai sa maganata a shafin ƙarshe cikin ƙarin bayani. Ni da shi duk mun san ba a karanta wannan shafin. Sai ya ce ya yaba da saurin aikina, akwai wani binciken a Tawa wata mai zuwa, zai ba da sunana. Ya miƙo mini alƙalami in sa hannu a ƙasan rahoton, wurin mai tattara bayanai.

Ina iya ƙi. Ba wanda ya riƙe mini hannu. Na tuna layin da ke ƙarƙashin bedi, na tuna katifata da abin da ke ƙarƙashinta, na sa hannu. Wannan shi ne abin da ya hana ni ba ku labari tun da na dawo.

Asabar da safe muka kamo hanyar gida. Daidai Gagamari muka hango mutum tsaye bakin kwalta da shuɗin rawani yana ɗaga hannu. Ashe Ba Gana ya tambayi direba ranar tafiyarmu, tun da sassafe yake jira. Na fita muka gaisa, gaisuwa cikakkiya ba ragi. Na tambayi gona, ya ce kalewa. Surukinsa da ke bayansa ne ya faɗa wa direba da Barbarci cewa furen rabin gonar ya zube, sun bar wannan rabin, suna ƙoƙarin ceton sauran da bokiti. Injin yana nan Shetimari, har yanzu can baya a layi.

Ba Gana ya miƙo mini ɗan ƙaramin buhu na busasshen tattasai, na bara, ya ce a kai wa iyali. Na ce Ba, wannan ya yi yawa. Ya ce baƙo ba ya komawa hannu sake. Har na juya zan shiga mota ya riƙe mini hannu, ya rage murya don kada surukinsa ya ji.

«Mushe, amsar da na ba ka ta yi kyau? Ban kunyata garinmu ba a takardarku?»

Na ce ta yi kyau, Ba. Ya saki ajiyar zuciya ya yi murmushi, ya ce alhamdulillahi.

Daga nan har Gure ban san me muka wuce ba. Ramukan suna nan inda muka bar su, mai shayin yana nan da haƙurinsa, ban sauka ba. Mun shiga Damagaram ana kiran magariba, na sauka a bakin unguwa da jakata da buhun tattasai.

Shekaranjiya na shiga sibar ɗin kusa da tasha don in duba ko maganar Tawa ta fito. Sai na ci karo da sabuwar sanarwa: ana neman malamin koyar da ordinatar da aikin sakatare, a sabon gidan koyon sana'a da za a buɗe a Diffa. Ke nan an yanke. Kuma duk wanda ya zo bayan shef yana tara sanarwar da ta ambaci Diffa zai tarar da wannan ma, ya ƙara ta a kan dogon ginshiƙin, ya ce ga shi nan, abin da Diffa ta rasa ke nan.

Kun ce in faɗi abin da tafiyar ta koya mini. Ta koya mini cewa intanet muryar masu biro kaɗai yake ji, wanda ke ɗaukar ma'aikaci da baki a kasuwar Talata ba ya ciki. Ta koya mini cewa akwai mutanen da ba za su ce sun rasa ba ko gonarsu na ƙonewa a bayansu, kuma wanda ya tambaye su cikin taro ya riga ya zaɓa musu amsa. Amma kada in ɗora wa na'ura ko al'adar mutane abin da yake nawa. Alhaji ya gaya mini a shagonsa, gonar ta gaya mini, na ga tiyo ba inji ina tsakiyar cin abincin mai gonar. Ban rasa ido ba, sauri nake in gama.

Jiya mahaifiyata ta ce in kwance buhun nan ta ɗiba, ta ji ana yabon tattasan Diffa. Na jawo shi daga bayan ƙofa, sai a lokacin na lura da abin da aka ɗaure bakinsa da shi. Ba igiya ba ce, shuɗin ƙyalle ne mai koɗewa, an yago shi daga gefen rawani. Wataƙila igiya ya rasa a ranar. Wataƙila kuma ya ga na zo da mota da takarda, ya faɗa mini ta hanya ɗaya tak da mutum irinsa yake iya faɗa, ya koma gefe yana jiran a zo kansa.

Na ce wa tsohuwa ta bari tukuna, zan sayo mata wani a kasuwa. Buhun yana nan bayan ƙofa, ban kwance shi ba.